Gasasshen zabo a ƙarƙashin dogonyaro: wurin cin abinci a unguwar Zariya ta Maraɗi bayan an sake buɗewa

Yayana yana da ciwon suga, shi ya sa tun da aka samu mutum na farko mai korona a Nijar, ranar 19 ga Maris 2020, ban yarda ya zauna cikin taro ba. Dokar ta-ɓaci ta zo, aka killace Yamai, aka rufe lakwal da masallatai, muka yi yawancin azumi kowa a gidansa. Sai ranar 13 ga Mayu aka buɗe wuraren ibada. Ga shi a lokacin iyakar Najeriya a rufe take tun Agustan 2019, hanyar Ɗan Isa, garin bakin iyaka, ta yi tsit, kasuwa ta mutu. Masu sayar da abinci sun sha wuya ƙwarai, na sani.

Daren Asabar da ta wuce Yaya ya matsa sai mun je wurin da muka saba cin zabo a unguwar Zariya. Na bi shi, zuciyata ba ta kwanta ba.

Abin da na fara gani a bakin ƙofa shi ne bokiti mai famfo, da sabulu, da wani yaro a tsaye yana cewa kowa, "Baba, a wanke hannu tukuna." Da can kwano ɗaya ake zagayawa da shi, mutum biyar su tsoma hannu a ruwa guda har ya yi kauri da mai. Wannan kwanon ya tafi, Allah ya sa kar ya dawo. Wanda ya ga kwalarar 2018 da ta faro daga Madarunfa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Ɗakin nan mai fanka an kulle shi, an fito da tebura fili ƙarƙashin itatuwan dogonyaro, tsakanin kowane biyu ya fi mita ɗaya. Wannan ya fi komai faranta mini rai, domin cutar a numfashi da tari take tafiya, iskar waje kuwa tana watsa ta. Da mutane sun tashi, sai a goge tebur da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta kafin wasu su zauna. Da idona na gani, har sau uku.

Zabon bai canza ba. Ya gasu har ƙashi, yajin ƙuli-ƙuli ya ratsa shi, albasa da tumatir sabbin yanka. Jikka 4 na sefa muka biya, ya ɗan hau, amma ban yi ƙorafi ba. Shinkafar dai ta huce kafin ta iso.

Abu biyu suka ɓata mini rai. Randar da ke gindin itace har yanzu moɗa ɗaya ce a kanta, kowa ya zo ya kafa baki ya mayar. Ina amfanin wanke hannu a ƙofa in za a haɗa baki a moɗa? Sannan wurin biyan kuɗi cunkus, kafaɗa da kafaɗa, mai karɓar kuɗin ya saukar da takunkuminsa a haɓa yana magana a fuskar mutane. Na hana Yaya zuwa wurin, ni na je.

Na samu mai wurin na ce, "Alhaji, aikinka ya yi kyau, amma moɗar nan za ta rushe shi. Ka kuma sa yara su riƙa karɓar kuɗi a tebur." Bai ji haushi ba. Ya ce sabulu da jabel kaɗai suna cin ribarsa, ga tebura sun ragu, amma zai duba. Kafin mu tashi na ga an ɗauke moɗar, an kawo ruwan leda.

Mai tsoho ko marar lafiya a gida, ya je da wuri, bayan magariba kaɗan, kafin 'yan kabu-kabu su tashi aiki wurin ya cika. Ya zaɓi teburin can ƙarshe wajen katanga, inda iska ta fi kaɗawa. Mu can za mu zauna Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, kuma zan duba teburin kuɗin nan.