Labarin hutun Busan, Yaya ga shi kamar yadda ka nema

Yaya barka da warhaka, ya iyali ya kasuwa. Ka dame ni sai na ba ka labarin hutun da masana'anta ta ba mu farkon Agusta, to Busan muka je ni da wani ɗan Zinder da muke aiki tare. Shi ne birni na biyu a girma a Koriya ta Kudu bayan Seoul, mutanensa sun haura miliyan 3, kuma a bakin teku yake can kudu.

Jirgin ƙasa mai gudu muka hau daga Seoul, KTX suke ce masa, tun 2004 yake aiki. Kuɗin kujera kusan won 60,000, kuma won ɗaya ba ta da nisa da naira ɗaya yanzu sai ka yi lissafi da kanka. Tafiyar ta kai kilomita 400 amma awa biyu da rabi da 'yan mintoci mun sauka. Babu zancen sai mota ta cika, babu ɗan kamasho, lokacin da aka rubuta a tikiti shi ne lokacin, ko kana bakin ƙofa ka makara tafiyarsa zai yi. Abin da ya ɗaure min kai ko shingen duba tikiti babu, ka shiga ka zauna kawai, ma'aikacin yana wucewa da na'urarsa ya san kujerar da aka saya. A cikin gari kuma kati ɗaya ne na bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa, banɗaki kyauta a kowace tasha kuma tsaf.

To amma ciki fa, nan ne rigimar take. Abincin da Busan ke taƙama da shi dwaeji gukbap ne, romon alade da shinkafa, kowane lungu ka bi shi ne. Ko taliyarsu mai sanyi milmyeon sai ka tambaya da ƙashin me aka yi romon, wani lokacin mai shagon ma kallonka zai tsaya yi don bai ga abin tambaya a ciki ba. Naman shanunsu kuwa ba na talaka ba ne, tsiren da kake ci da daddare ba tare da ka duba aljihu ba a nan sai an yi albashi, ga kuma batun yanka.

Teku ce ta cece mu. Kasuwar kifi ta Jagalchi ita ce mafi girma a ƙasar, kuma yawanci mata ne ke riƙe da ita, dattijai masu takalmin roba da safar hannu har gwiwar hannu, suna kiran mai wucewa babu kunya babu tsoro. A ƙasa kake zaɓar kifinka da ransa cikin ruwa, a auna, ka biya, sai a hau da shi bene a gasa maka ko a yi farfesu, ka ƙara kuɗin zama. Su ɗanye suka fi so, har wata halitta mai hannaye takwas na ga an yayyanka a faranti tana ta motsi ana sa mata man riɗi ana ci, abokina ya ce wallahi ko da kuɗi aka haɗa shi. Mu sukumbiya gasasshe muka ci, kuma gaskiya Yaya wanda ya fito daga ruwa ranar daban yake da na kwali mai ƙanƙara da ake kawo mana gida. Kafin kifin ya iso an jera mana ƙananan kwanuka, kimchi wato kabejinsu mai tsami da yaji, ganyen teku, wake, su duka kyauta ne kuma in sun ƙare a ƙaro, ruwan sha ma kyauta, kuma ba a ba ma'aikaci na goro. Yajinsu dai zaƙi ne ya yi masa yawa, bai kama ƙafar namu ba.

Kayan marmari kuma kada ka tambaya. Kankana ɗaya ta wuce won 20,000, na tsaya ina kallonta ina tuna yadda ake jibge ta a bakin titi a gida har ta ruɓe. Abin da na samu da araha shi ne ssiat hotteok a dandalin BIFF mai sunan bikin fina-finan garin, fanke ne da narkakken sukari a ciki, a tsaga shi a cusa ƙwayoyi irin 'ya'yan kabewa, layi ake yi kansa.

Mun hau Gamcheon, unguwar da talakawa da 'yan gudun hijira suka cika bayan yaƙin 1950 zuwa 1953, gidaje kan gidaje a jikin dutse. A 2009 aka fara yi mata fenti da zane, yanzu baƙi ne ke tururuwa ɗaukar hoto, su kuma tsofaffin unguwar na nan suna shanya kayansu, har allo aka kafa ana roƙon a rage hayaniya. Bakin tekun Haeundae kuwa lema ce iya ganinka, ban daɗe ba, shigar wurin ba tamu ba ce. Bakin tekun Gwangalli da daddare ya fi min, gadar Gwangan tana ta canza launin wuta. Abu ɗaya da ya ba ni haushi, gari tsaf amma kwandon shara sai ka yi ta yawo ba ka gani ba, kofinka a hannu.

Juma'a a masallacin Al-Fatah muka yi kusa da tashar Dusil, tun 1980 aka gina shi, yawanci 'yan Indunusiya da Uzbekistan da Pakistan ne, kuma a gidan abincin da ke gefensa muka samu naman rago na halal.

In wani zai taho daga gida a haɗo min yajin ƙuli da daddawa da kuka, a ɗaure da kyau, amma ban da kilishi don ƙwacewa suke yi a filin jirgi har da tara mai nauyi. A gaida Inna da su Hajiya.