Kaset ɗin Cool Spot da na samu a Birmingham

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya a gida, ina so in ba ka labarin wani kaset da na saya a makon jiya, domin na san za ka tuna da shi. Cool Spot ne, gem ɗin nan na Sega da muke bugawa a shagon bayan layinmu idan layin Sonic ya yi tsawo, wanda jaruminsa jan ɗigo ne mai baƙin tabarau da farar safar hannu, yana tsalle a bakin teku yana harbin ƙaguwa da kumfar lemo har ya kai ga kejin da aka kulle ɗan'uwansa.

Kamfanin Virgin ne ya fitar da shi a 1993, kuma sai da na girma na gane cewa talla muke biyan kuɗi muna bugawa, domin ɗigon nan shi ne jan ɗigon da ke tambarin 7 Up, wanda a Amurka aka yi masa hannu da ƙafa yana tallar lemon. Mu kuwa Fido Dido muka sani, siririn nan mai tsayayyen gashi, shi ya sa ba mu taɓa haɗa su ba duk da cewa kwalbar tana gabanmu a allon talabijin. Da na kunna wanda na saya a nan sai na ga an goge tambarin daga kwalbar da yake hawa a kan ruwa a farkon wasan, saboda a Turai ma Fido Dido ne fuskar lemon a lokacin. Ashe namu na gida samfurin Amurka ne.

Shagon da na same shi na kayan hannu ne, amma tsarinsa ya burge ni. Kowane kaset yana da farashi a rubuce gwargwadon lafiyarsa, wanda yake da kwalinsa da ɗan littafin bayani ya fi tsirara tsada nesa ba kusa ba, kuma babu ciniki. An gwada mini shi, an ba ni rasit, an ce in dawo da shi idan ya ƙi aiki. A wannan littafin na fara karanta ƙa'idar wasan da muka gano da kanmu bayan asarar kuɗin tara mai yawa, wato ba a iya ceton ɗan'uwansa daga keji sai an tara adadin ɗigon da ake bukata.

Inda gida ya fi su shi ne gyara. Da maɓallin hannun na'urar Sega da nake buga kaset ɗin a kanta ya maƙale, na zagaya unguwa ban sami mai buɗe shi ba, wanda na samu daga ƙarshe kuma kuɗin aikinsa ya fi kuɗin wani hannun. Na tuna masu gyara na Sabon Gari da za su kwance shi a gabanka su goge su mayar kafin ka gama shan ruwa.

Na sayi na'ura ta biyu domin yaranka. Wutar nan da bakin soket ɗinsu irin namu ne, tsarin talabijin ma PAL ne kamar na gida, saboda haka ba sai ka nemi taransifoma ba, sai dai ka haɗa ta da sitabilaiza.