Gargaɗi: mai tallar "tsoffin kujerun da aka gada" a intanet, ungulu yake sayarwa da kan zabo

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan don kunyar a ce an yi mini wayo, amma jiya na sake ganin mutumin ya buɗe sabon shafi da wani suna, hotunan nan dai su ne, labarin ma bai canza ko harafi ba. Shi ya sa na ce gara in yi magana.

Ni mai son tsoffin kujerun nan ne marasa majingina, irin waɗanda ake ajiyewa a gefen gado a ɗora fitila, ko a kusurwar falo a ɗora tukunyar fure, in baƙi sun yi yawa a jawo su a zauna. Wata rana na ci karo da shafinsa. Kujera ce 'yar tsugunno mai ƙafa uku, baƙa wuluk, ya ce ta tatsar madara ce daga wata gona a Ingila, an yi ta wajen 1870, wai cikin kayan da kakansa ya bari. Bakinsa akwai zaƙi. Ya ma san dalilin ƙafa ukun, cewa kujera mai ƙafa uku ba ta girgiɗi ko da ƙasa ba ta daidaita ba, kuma hakan gaskiya ne. Na biya, ta iso. A nan ya kama ni, domin wanda ya cika alkawari sau ɗaya ba ka saurin zarginsa.

Bayan mako biyu ya turo mini hoton kujerun ƙarfe guda huɗu, ya ce na Tolix ne na asali, kamfanin nan na garin Autun a Faransa da Xavier Pauchard ya yi wa rajista a 1927. Ya ce akwai wani da ke jira, in ina so in ba da kafin alƙalami kafin dare, kuma in tura kai tsaye asusunsa don kada shafin ya cire kamasho. Na tura rabin kuɗin. Kwana uku sai ga saƙo daga wani wai kamfanin jigila, a biya inshora. Na biya. Sai kuma kuɗin kwastan. Da na ce a nuna mini takarda, shi ke nan, lamba ta daina shiga, shafi ya ɓace. Daga baya na sa hoton a Google Lens, manhajar da ke binciko inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, ya fito a shafin wani gidan gwanjo, an sayar da kujerun tun shekarun baya. Cinikin biri a sama na yi, ba wani suna.

Haushin wannan ne ya sa na ɗauki ta farkon na kai wa wani dattijon kafinta mai gyaran tsoffin kaya. Ko kallon samanta bai yi ba, ya kife ta a kan benci. Ya ce, "Yaro, tsufan kujera a ƙarƙashinta yake, saman na mai talla ne."

Abin da ya fara nuna mini sukurori ne masu tsaga huɗu a kai, kamar alamar tarawa. Irin wannan sukuru, wanda ake kira da sunan Phillips, bai shiga kasuwa ba sai a shekarun 1930. To me ya kai shi jikin kujerar 1870? Na ce ko gyara aka yi mata daga baya, don hakan na faruwa. Ya kwance guda ɗaya ya haska ramin. Katakon ciki fari sol, kuma babu wani tsohon rami a kusa da ke nuna inda ƙafar take tun asali. Ya ce kujerun tatsa na da, huda mazaunin ake yi a cusa ƙafar ta fito ta sama, a tsaga kanta a buga ɗan itace ya matse ta. Galibi ko ƙusa ba sa buƙata.

Sai ramukan ƙwari, waɗanda su ne suka fi burge ni a hoto. Ya ce in kawo allura. Na zura a rami na farko ta shige tsaye zar, na biyu haka, na biyar haka, duk zurfinsu ɗaya. Ƙwaron da ke cin katako ba ya tafiya a miƙe. Tsutsarsa tana yawo a ciki ta karkace, ramin da muke gani kuwa ƙofar fitarsa ce kawai, don haka allura ba ta nisa sai ta tokare. Nawa da injin huda aka yi su, an ma jera su a fuska inda ido zai gani, ƙasan babu ko ɗaya. Ƙwaro ne ya san inda mai saye zai duba?

Ya jiƙa tsumma ya murza gefen ƙafa, tsumman ya yi baƙi, ga warin man takalmi. Ya ce wasu da ruwan shayi suke rina sabon katako, wasu su jiƙa soson ƙarfe a ruwan tsami su shafa ya yi toka-toka, sannan a bi shi da dukan sarƙa don ya yi tabo. Amma dukan sarƙa ko'ina yake sauka. Cin da shekaru ke yi wa kujera yana da wurarensa: bakin mazauni inda cinya ke gogawa, inda hannu ke kamawa a ɗaga, sandar da ake ɗora ƙafa, da tafin ƙafafun da suka sha jan ƙasa. Tafin tawa kaifinsa na nan kamar jiya zarto ya bar shi. Ya kuma auna faɗin mazaunin ta ɓangare biyu, ya zo daidai cif. Katako in ya shekara yana motsewa ta faɗi fiye da ta tsawo, don haka tsohon mazauni mai da'ira yakan ɗan koma siffar ƙwai.

A wajen masu wannan harka, da ma dokar kwastan ta Amurka, sai abu ya cika shekara 100 ake kiransa kayan tarihi. Wanda bai kai ba tsohon yayi ne kawai, kuma ba laifi ba ne a saye shi, ko ma sabo da aka yi masa kamannin tsoho, muddin an faɗa maka gaskiya ka biya kuɗin da ya dace da shi. Ƙaryar ce matsalar. A sabon shafin nasa yanzu akwai wata kujera ta Alvar Aalto, mai zanen gine-gine da kayan ɗaki ɗan ƙasar Finland, mai lanƙwasassun ƙafafu uku, wadda ake kira lamba 60, ya rubuta mata 1910. Mai zanen kansa bai fitar da ita ba sai 1933, kamfanin Artek da ke sayar da ita an kafa shi a 1935, kuma har gobe ana ƙera ta. Ita kam da sukuru ake ɗaure ƙafafunta tun asali, don haka ba ganin sukuru kaɗai ke tona jabu ba, sai an haɗa da shekarar da aka ce.

In kun ci karo da shi, ko mai irin salonsa, ku ce ya kife kujerar ya ɗauki bidiyon ƙasanta da maɗaurin ƙafafu, da takarda a gefe mai ɗauke da sunanku da kwanan watan ranar. Wanda kayan ke hannunsa minti biyu ya ishe shi. Ni da na gwada shi da wata lambar a jiya, cewa ya yi kayan suna sito, mai makullin ya yi tafiya. Kada ku yarda a fitar da ku daga hanyar biya ta shafin zuwa asusun mutum, kuma kuɗin inshora ko na kwastan da ya ɓullo bayan an gama ciniki kada ku tura sisi. Wanda ya riga ya tura, ya adana hotunan hirar da shaidar biya, ya sanar da bankinsa a ranar, ya kai ƙarar shafin.

Kujerar kuwa tana nan a bakin ƙofata, a kanta nake zama in ɗaura takalmi. Na wanke man takalmin da aka shafe ta da shi, katakon ya fito fari, ƙafa ɗaya ta fara girgiɗi.