Na ci gasasshen haƙarƙarin Texas na halal, ga yadda na same shi

Duk wanda ya ɗan zauna a Amurka ya san yadda mutanen nan suke ji da gasasshen haƙarƙari, kowane gari cewa yake nasa ya fi na kowa, har gasa suke yi a kai. Matsalar mu musulmi ita ce asalin abin na alade ne, shi ya sa da yawanmu sai dai mu ji ƙamshi daga nesa mu ƙara gaba. To akwai wasu musulmi a nan Houston da suka buɗe wurin gashi irin na Texas amma da naman shanu zalla, yankan halal, kuma na je na ci.

Abin ƙato ne fa, ƙashi ɗaya ya fi taƙi tsawo, nama jibge a kansa. A gabanka za a ɗora a sikeli, sai a shimfiɗa takarda mai ruwan ƙasa a tire a aza maka, a haɗo da burodi yanka-yanka da ɗanyar albasa da kokwamba mai tsami, shi ke nan. Bayan naman baƙi ƙirin, za ka ɗauka ya ƙone ne, ashe gishiri ne da masoro da hayaƙi suka haɗu suka yi ɓawo. Da na kama ƙashin na ja sai ya zare sul, ko wuƙa ban taɓa ba, kitsen duk ya narke ya shige cikin tsoka, a ƙarƙashin ɓawon kuma ga wani siririn jan layi da hayaƙi ya bari. Wallahi naman ya yi, ba na jin na taɓa cin haƙarƙari mai laushinsa.

Mai gashin ya bar ni na leƙa ta baya. Wata doguwar tukunyar ƙarfe ce a kwance, wutar tana can gefe a ɗan akwatinta daban, naman ko harshen wuta bai gani ba, hayaƙin itacen oak ne kawai yake ratsa shi a hankali, zafi bai wuce wajen digiri 120 na ma'aunin Celsius ba, ya ce min yakan kai awa 8 a ciki. Namu na gida, tsire ko balangu, dab da garwashi mai tukuba yake gasa shi ya juya ya sauke, wannan kuwa ya fi kama da banda, sai dai ba ya bushewa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne waɗanda suka raya sana'ar. A jihohin kudu tun zamanin bauta, bayi baƙar fata ne ake sa wa su tona rami su kwana suna gasa dabba sukutum a kan garwashi, su ne suka san wutar. Haƙarƙari shi kaɗai bai yi tashe ba sai da firiji da manyan kamfanonin fawa suka zo, aka fara sayar da nama gunduwa-gunduwa, shi kuwa haƙarƙari ƙashi ya fi yawa, ya zama na masu ƙaramin ƙarfi. Wani baƙar fata ɗan Tennessee, Henry Perry, wajen 1908 ya fara sayar da gashinsa a Kansas City, a takardar jarida yake naɗe wa mutane, yau shi ake kira uban gashin garin. Da baƙaƙen fata suka yi ta ƙaura zuwa arewa neman aiki sai suka tafi da abinsu har Chicago. A Memphis kuma Charlie Vergos, ɗan asalin Girka, ya buɗe gidan abinci mai suna Rendezvous a 1948, ya yi suna da haƙarƙari mai busasshen yaji ba miya, garin nan tun 1978 suke babbar gasar gashi duk watan Mayu. Texas dai ƙasar shanu ce, mahauta Jamusawa da 'yan Czech da suka zauna a tsakiyar jihar su suka kafa salon gishiri da masoro kawai, wanda shi ne ya zo mana daidai.

To abincin talakan nan yanzu ya fi ƙarfin talaka, nan ne ƙorafina na farko. Ƙashi ɗaya ya ci min sama da dala 30, kuma da nauyin ƙashin ake aunawa, gaskiya ya yi tsada ko da yake mutum biyu za su ƙoshi da shi. Na biyu miyar da suke bayarwa a gefe, zaƙi ya yi mata yawa sosai, haka waken ma da sukari a ciki, ni dai na ture su gefe. Ragowar da na kawo gida na ɗumama na barbaɗa masa yajin ƙuli, kai, nan ne ya kai inda nake so, har na yi niyyar in na koma zan kai wa mai wurin ya ɗanɗana ko zai riƙa ajiyewa, don 'yan Najeriya ba kaɗan ba ne a Houston.

Wanda zai je ya je da wuri, haƙarƙarin ba ya kai la'asar, in ya ƙare sai gobe tunda ba abin da ake gasawa nan take ba ne. Kuma don Allah 'yan uwa, in ba wurin musulmi kuka shiga ba kar ku ce ai na shanu na saya, yawancin wuraren a tukunya ɗaya suke gasa su da na alade, maiƙo na ɗiga a kan juna. Hatta sosej ɗin da aka rubuta na shanu ne, sau da yawa a hanjin alade ake ɗura shi, sai kun tambaya.