Rigar ango ta yi, alkyabbar amarya kam da sauran gyara

Mutane sai tambayata suke ina aka yi babbar rigar da ƙanina ya sa ranar ɗaurin aurensa, to wani shago ne a cikin birnin Zariya, kuma tunda su ɗin ne suka yi alkyabbar amarya gara in faɗi duka biyun don ba ɗaya suka fito ba.

Rigar dai ba a magana. Farar shadda muka kai muka ce aska takwas muke so, kuma aikin hannu ba na keke ba. Baba mai shagon shi da kansa yake zana aikin a jikin yadin kafin ya raba wa masu allura, da yawansu ma matan aure ne a cikin gidaje. Askokin nan da suka sauko daga wuya zuwa kan aljihu kowacce bakinta a tsaye yake ba karkata, tambarin ƙirjin dama ya zagayo ya rufe daidai, na baya ma haka. Ni in zan duba aiki juya rigar nake in ga cikinta, to cikin ma tsaf, babu zare yana reto. Wani kawunmu da ba ya yabon komai sai da ya shafa aljihun ya ce wa ya yi wannan.

Alkyabbar kuma ɗan Baban ne ya karɓe ta, shi ke kula da keken kwamfuta. Shi ya kawo shawarar a ɗauko zanen bangon tsofaffin gidajen birni a sa mata, irin wanda magina ke yi a fuskar zaure, dagi da takobi da layukan nan masu murɗewa, kuma wallahi shawarar ta burge ni, don garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a ai bai kamata a ce amaryarsa sai furannin Dubai ba. Matsalar ita ce shi zanen bango da laka ake tayar da shi, rana ta buga ya yi inuwa, kuma magini yana barin fili tsakanin zane da zane ido ya huta, shi kuwa yaron sai ya ƙanƙance dagin a kwamfuta ya yi ta jera shi tun daga hula har ƙasa da zare mai ruwan gwal, ko tafin hannu ɗaya bai bari ba. Yadin ya sandare kamar tabarma, ga nauyi, ga bakin wuyan yana kartar ta, baiwar Allah ana gama buɗar kai ta cire. Takobin da na fi so ma ya ɓace a cikin cunkoso sai ka matso sosai. Kuma dagi tun da gwamnatin Sardauna ta mai da shi tambarin Arewa yake ko'ina, in ya yi yawa a jikin tufa sai ka zata taron siyasa za a je. A hoto kam ta yi kyau, wannan ba zan hana su ba.

Kuɗin rigar ba na wasa ba ne amma ta ci kuɗinta. Alkawari kuwa sun saɓa, sai ana gobe biki muka karɓa, wai aikin Sallah ya riƙe su, don haka duk mai so ya kai da wuri. In kuma irin alkyabbar nan kuke so ku ce a fara buga muku zanen a ƙyalle ku taɓa da hannu, sannan ku roƙi Baba ya zana da kansa, dagi ɗaya babba a baya da layi a baki ya isa.