Rim ɗin aloy mai inci 15 a kan Golf 3: abin da yake ƙara wa mota da abin da yake ci mata

A rumfunan masu sayar da rim, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a Panteka ta Kaduna, akwai saitin da ba ya rasuwa: rim ɗin aloy, wato na alminiyam, guda huɗu masu inci 15, kowanne da ramin noti huɗu, wani lokaci ma an riga an ɗaura musu taya 195/50 R15. Masu Golf 3 na cikin manyan masu sayensa, kuma ba a ga laifinsu ba. Motar da aka ƙera tsakanin 1991 da ƙarshen shekarun 1990, idan aka cire mata baƙin rim na ƙarfe aka sa mata wannan, sai ta fito fes kamar ba ita ba. Amma hukuncinmu a kan saitin shi ne: yana da kyau ga motar gida mai yawo a kwalta mai lafiya, bai dace da motar haya ko mai ɗaukar lodi ba, kuma ko ga motar gidan ma lambobin da ke bayan rim ɗin sun fi zanen fuskarsa muhimmanci nesa ba kusa ba.

Golf 3 ta fito daga kamfani da girman taya iri uku a mafi yawan samfurinta masu noti huɗu: 175/70 R13, da 185/60 R14, da 195/50 R15. Lambar farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu tsayin gefen taya ce a matsayin kaso na faɗin, ta uku kuma girman rim a inci. Idan aka yi lissafi, tsayin tayar gaba ɗaya ya kama milimita 575 a ta farko, 578 a ta biyu, 576 a ta uku. Wato duk ɗaya suke a tsayi, kuma da gangan aka yi haka domin giya da agogon gudu su tsaya yadda aka tsara su. Saboda haka 195/50 R15 ba baƙuwa ba ce a wannan mota. Abin da ya sauya shi ne gefen tayar. A mai 13 gefen ya kai milimita 122, a mai 14 ya dawo 111, a mai 15 kuma bai wuce 98 ba. Wannan robar ita ce ke tsakanin rim da bakin rami.

A kwalta mai kyau ana jin amfanin saitin nan take. Sitiyari yana amsawa da wuri, motar ba ta lanƙwasa sosai a kwana, kuma tana zama daram a gudun 100 zuwa 120. Birki ma yana kamawa da kyau a busasshiyar hanya idan tayar mai inganci ce. Da zarar an sauka burji ko hanyar da damina ta cinye, sai labari ya sha bamban. Kowane tsakuwa sai ya hau cikin mota, robobin gaba da shoka suna shan dukan da a da taya ke shanyewa, kuma rami ɗaya mai kaifin baki ya isa ya matse gefen tayar a jikin rim har zaren ciki ya tsinke. Shi ne ƙullutun da ake gani ya kumbura a gefen taya bayan kwana biyu. Ba a yi masa faci, tayar ta tashi aiki.

Rim ɗin kansa ma bai tsira ba. Na ƙarfe idan ya lanƙwashe mai faci zai dake shi da guduma ya miƙe, a ci gaba da tafiya. Aloy mai araha tsagewa yake yi, galibi a leɓen ciki inda ido ba ya kaiwa, sai dai a ga taya tana rage iska kowace safiya ba tare da an sami ƙusa ba. Kuma kada a yarda da zancen cewa duk aloy ya fi ƙarfe sauƙin nauyi. Da yawa daga cikin masu arahar nan na inci 15 sun fi rim ɗin ƙarfe mai inci 14 nauyi, a ɗora su a sikeli a gani.

Wanda duk da haka ya ƙudurta saye, to ya juya rim ɗin ya karanta bayansa kafin a yi ciniki. Tazarar ramukan noti a Golf 3 ita ce 4x100, wato ramuka huɗu a kan da'ira mai faɗin milimita 100, ban da GTI da VR6 masu noti biyar. Rim ɗin Peugeot 206 ko na Ford mai 4x108 ba zai shiga ba ko kaɗan, don haka ba shi da haɗari. Mai haɗarin shi ne na Fiat mai 4x98, domin bambancin kaɗan ne, notin zai shiga da ƙarfin tsiya, amma a karkace yake zama, kuma noti a karkace ko ya kwance ko ya karye.

Sai ramin tsakiya. Hob ɗin Golf, wato ƙarfen da rim yake zama a kansa, yana da milimita 57.1. Rim ɗin Toyota Starlet da tsohuwar Corolla 54.1 ne, na Honda Civic 56.1, na Opel 56.6, dukkansu 4x100 ne amma ba za su zauna a hob ɗin ba sai an faɗaɗa ramin. Idan za a faɗaɗa, a kai wurin mai injin sassaƙar ƙarfe ya yi shi daidai a tsakiya. Wanda aka gurza da hannu ba ya taɓa zama daidai, kuma babu balansin da zai gyara shi. Rim ɗin kasuwa kuwa akasin haka ne, raminsu ya fi hob girma, sau da yawa 67.1 ko 73.1, domin su shiga motoci iri-iri. Irin waɗannan suna buƙatar zobe na roba mai tauri ko na alminiyam da zai cike giɓin zuwa 57.1. Mafi yawan saitin da ake sayarwa gwanjo ba sa zuwa da zobban, sun ɓace a hanya, masu sayarwa da yawa kuma ba sa ma ambatonsu. Alamar rashinsu ita ce sitiyari ya riƙa rawa tsakanin gudun 90 da 110, a je a yi balansin sau biyu sau uku rawar ba ta daina ba.

Lambar da aka fi yin sakaci da ita ita ce wadda ke bin haruffan ET. Tana nuna yadda rim yake shigewa ciki ko yake fitowa waje daga hob. Rim ɗin kamfani mai inci 14 yana da faɗin inci 6 da ET45. Idan aka sa mai faɗin 6.5 da ET38, gefen ciki yana nan kusan inda yake, na waje ya fito da milimita 13, kuma wannan shi ne ma'aunin da ya fi zama lafiya a Golf 3. Mai faɗin 7 da ET35 zai fito da kusan milimita 23. Yana shiga, amma idan mutum uku suka zauna a baya kuma sifirin ya gaji, taya za ta riƙa gugar leɓen madigadi a kowane tudu. Mai faɗin 7 da ET20, wanda samari ke so saboda yadda yake leƙowa waje, yana fitowa da kusan milimita 38. Wannan mu kam ba mu ba da shawararsa ba ko a kyauta. Nauyin motar yana barin tsakiyar boris ya koma gefe, boris ɗin ya fara kuka tun lokacinsa bai yi ba, sitiyari ya riƙa fizgar hannu idan taya ɗaya ta faɗa rami, leɓen madigadi kuma ya yanka gefen tayar.

Batun noti shi ne inda rai yake. Golf ba ta da sandunan da ke fitowa daga hob irin na Toyota da Honda, notinta ne mai jela yake shiga cikin hob, girmansa M12x1.5. Ƙasan kan notin kamfani zagaye yake kamar rabin ƙwallo, yawancin rim ɗin kasuwa kuwa raminsu a tsuke yake kamar mazurari, mai kusurwa 60. Idan aka ɗaura notin kamfani a irin wannan rim, ba ya zama da dukan jikinsa, wani siririn layi ne kawai yake taɓawa. Da farko zai yi kamar ya ɗauru, daga baya ya ci alminiyam ɗin ya saki. A sayi noti 16 da suka dace da ramin rim ɗin tare da shi, a ɗauke su cikin kuɗin saitin tun farko. Tsayinsu ma a duba, domin aloy ya fi ƙarfe kauri a wurin. Noti ya yi aƙalla juyi shida da rabi a cikin hob kafin ya tsaya. Idan kuma ya yi tsayi da yawa, a baya inda birkin diram yake jelar tana taɓa sifirin birki, za a ji ƙas-ƙas idan an juya tayar a kan jak. Ƙarfin ɗaurin da Volkswagen ta ƙayyade shi ne 110 Nm. Yaron shago ya hau kan sufana da ƙafa yana tsalle ya wuce haka nesa, kuma yana miƙar da notin. A ɗaure su bi da bi a gicciye, a sake dubawa bayan tafiyar kilomita 50.

Game da ingancin rim ɗin kansa, a nemi tambarin gwajin inganci na JWL ko VIA na Japan, ko lambar KBA ta Jamus, a jikinsa, tare da nauyin da zai iya ɗauka. Tambari ba tabbaci ba ne, ana kwaikwayonsa, amma wanda babu komai a bayansa a bar shi. Idan gwanjo ne a wanke cikinsa a duba da fitila: sabon fenti a wuri guda a leɓen ciki yawanci walda yake ɓoyewa. A sa a juya kowanne a injin balansin ba tare da taya ba, ido zai ga wanda yake tsalle.

Tayar da ake haɗa saitin da ita kuma sau da yawa ita ce ɓangaren da ya fi rauni. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 na 2019, kuma jami'an kiyaye haɗurra na FRSC suna duba su a hanya. Wadda ke da hoton dutse da ƙanƙara a gefe tayar hunturun Turai ce, robarta mai laushi ce, kwaltar Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri tana cinye ta cikin ɗan lokaci. Zurfin zanen ƙasa kada ya gaza milimita 1.6, kuma wannan ma iyaka ce ta ƙarshe, a damina ana son fiye da haka. Lambar nauyi ta 195/50 R15 yawanci 82 ce, wato kilo 475 kowace taya. Ya ishi motar gida. Bai ishi wagon ɗin da ake cika wa fasinja da buhuna zuwa kasuwar ƙauye ba.

Shi ya sa ga mafi yawan masu Golf 3 muka fi ganin dacewar a tsaya a inci 14, ko na ƙarfe ko aloy ɗin Volkswagen na asali, a sa 185/65 R14. Tsayinta milimita 596, wato ta fi ta kamfani da kashi 3 cikin 100. Motar tana ɗagowa daga ƙasa da milimita 9, gefen taya ya koma 120, lambar nauyi ta hau 86, kilo 530. Agogo zai ɗan rage faɗin gaskiyar gudu da kusan kilomita 3 a cikin 100, abin da direba zai iya riƙewa a ransa. Wanda ya riga ya sayi rim mai 15 yana iya samun kusan wannan tsayin da 195/55 R15, gefen ya ƙaru zuwa 107, ya fi 50 ɗin haƙuri da rami.

Abin da ba za a yi ba shi ne ɗora 195/65 R15, tayar Golf 4 da Corolla, don kawai ta fi samuwa a kasuwa. Tsayinta milimita 634, kusan kashi 10 cikin 100 sama da na kamfani. Injin 1.4 ko 1.6 ba ya iya jan ta da daɗi, tashi daga tsaye sai an ƙona kuloci, giya ta biyar ta zama ba ta da ƙarfi a hawa, mai ya ƙaru, birki ya yi sanyi, taya kuma ta goge robar cikin madigadi duk lokacin da aka karya sitiyari har ƙarshe.

Iska a bi takardar da ke manne a cikin murfin tankin mai, akwai lamba ta rabin lodi da ta cikakken lodi, a auna da geji da safe kafin taya ta yi zafi. 2.1 a ma'aunin iska na bar ya yi daidai da kusan 30 a gejin masu faci. Bugun 45 da ake yi wa taya mai siririn gefe wai don kare rim yana cinye tsakiyarta ne kuma yana rage kamun birki. Bayan an sauya rim a yi alaimen, musamman idan ET ya sauya. Safaya kuma idan ta ƙarfe ce ta kamfani, a ajiye tsofaffin noti huɗu masu zagayen ƙasa a cikin but kusa da jak, domin sababbin masu tsukakken ƙasa ba za su riƙe ta daidai ba.