Na biya yuro don in kalli ƙerana a kan dutsen Eze

A Gusau in ka ce wa mutum ka biya kuɗi don ka kalli ƙerana, sai ya tambaye ka ko lafiya. To ni na biya, da yuro ma, kuma ban yi da-na-sani ba.

Ƙanena da ke karatu a Nis, kudancin Faransa, shi ya nace a watan Janairu sai mun hau Eze, wani tsohon ƙauye da ke maƙale a kan dutse tsakanin Nis da Monako. Bas mai lamba 82 muka shiga, ko awa ba mu yi ba muka sauka. Daga nan sai ƙafa, don lungunan ƙauyen ba sa cin mota. Lambun tsirran da muka je kallo yana can ƙololuwa, mita 429 sama da teku, a kangon wata fada mai ganuwa da Sarkin Faransa Luwi na 14 ya sa aka rushe a 1706. A 1949 ne magajin garin ya mayar da kangon lambu, kuma a gadon bayansu mutane suka riƙa hawa da ƙasa da tsirrai. Wanda ya taɓa hawa Kwatarkwashi ba zai ji tsoron tsayin ba, amma matattakalan suna da yawa, ni kuma na yi wautar zuwa da takalmi mai santsi.

Yawancin tsirran masu ajiye ruwa a jiki ne. Waɗanda suka fi ɗaukar ido 'yan nahiyar Amurka ne, wasu dogaye kamar turken rumfa, wasu zagaye kamar an kife ƙwarya an soka mata ƙayoyi ruwan ɗorawa. Wannan zagayayyar Faransawa na ce mata matashin suruka, sunan da ya sa na yi dariya har na dafa bango. Amma inda na daɗe tsaye shi ne gaban dangin ƙerana da tinya, 'yan Afirka, masu farin ƙaron nan da ake hana yara taɓawa saboda ido. A gida shinge ne, ba wanda ke waiwayarsu. A nan an sa musu allo da suna, an share gindinsu. Kabar giwa kuwa lokacin furenta ne, ja wur, ga shuɗin Bahar Rum a bayanta.

Na kira Hajiya ta WhatsApp na juya mata waya. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Wagga ai ita ce bayan gidan kakanku. Nawa kuka biya?" Ƙanena ya ce, "Yaya, don Allah kada ki faɗa mata."

Zuwa da sanyi shi ya gyara tafiyar. Ƙanena ya ce a Yuli da Agusta sai an bi layi kafin a samu wurin ɗaukar hoto. Mu kam mun zauna a saman kangon kusan rabin awa, mutum huɗu ko biyar kawai suka gifta. Tsibirin Kosika, da ake hangowa in gari ya washe, hazo ya ɓoye mana shi, sai dai zirin ƙasar Kap Fera a shimfiɗe cikin ruwa kamar a miƙa hannu.

Sanyin ba irin hunturunmu ba ne, mai laima ne, yana ratsa rigar sanyi. Shaguna da yawa a rufe suke, lambun ma da wuri ake rufe shi a wannan lokaci, don haka a je da hantsi, a riƙe shayi a fulas.

Da za mu koma ya ce mu gangara ta hanyar ƙafa da ke sauka har bakin teku mu hau jirgin ƙasa. Na dubi gangaren, na dubi takalmina, na ce masa ya nemo mana bas.